Shirun Malama Sa'adiyya

In ka bi ta bayan firamaren nan da ke cikin Gwallaga da hantsi, ba sai ka tambayi inda aji huɗu yake ba. Muryar Malama Sa'adiyya Hamma ce za ta tsallako katanga ta tarye ka a bakin titi, ta danne ƙarar keke napep, ta danne gudumar masu walda, ta raka ka har kwana. Mai shayin da ke jikin katangar bai taɓa zama a benci ba, amma ya haddace lissafin sau bakwai, kuma ya san ƙananan hukumomin jiha kaf.

Ba laifinta ba ne, gado ne. Mahaifinta, Hamma, dillalin hatsi ne da ya ƙare kwanakinsa a Kasuwar Muda Lawal, mutumin da zai sayar maka da buhun gero kana tsakiyar yi masa sallama. A gindin rumfarsa ta tashi, tana kallon yadda ake cafke maganar mutum tun tana hanya. Mai saye zai ce, "Wannan dawar kuwa..." sai Hamma ya ce, "Ta bana ce, ina za a kai maka?" Da wannan hali ta tafi makarantar horon malamai, da shi ta dawo, sai dai yanzu har da takardar shaida.

Allah kuma ya haɗa ta da miji daidai wuyanta. Malam Fakhruddeen tsohon akawu ne, mutum mai sanyi kamar randa. Shekara ashirin da shida suna tare, bai taɓa kai magana ƙarshenta ba. In ya ce, "Yau dai miyar nan..." sai ta ce, "Kuka, na sani, ita na kaɗa." Sai ya wanke hannu.

A makaranta, abu ɗaya take taƙama da shi. Shekara ashirin da takwas tana aji huɗu, ba a taɓa yin yaron da ya fita hannunta bai iya miƙewa ya karanta shafi da murya ba. Ba ta duka, don bakinta ya fi bulala. Ba ta kuma barin yaro ya daɗe cikin kunya. Da zarar ya yi tuntuɓe a kan kalma, kafin ya faɗi ta tare shi, ta faɗa masa, ta ƙara masa da ta gaba. A wurinta wannan shi ne tausayi.

Sai ga Zakiyya, 'yar Sabitu tela. Yarinya ce siririya mai manyan idanu, rubutunta kamar an ɗinka shi da keken ubanta. Amma tana da in'ina. In aka ce ta faɗi sunanta, sai harafin farko ya tsaya mata a baki kamar ƙashin kifi. Ta runtse ido, ta buga ƙafa, sauran yara saba'in da huɗu su fara murmushi. Malama ba ta jure ganin haka. Sai ta ce, "Zakiyya Sabitu, mun ji, zauna."

Abin da ya ɗaure wa Malama kai shi ne, in aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, muryar Zakiyya na ciki, tana tafiya sumul. A Islamiyya ma, an ce in ta ja hadda ba ta tsayawa. Nan Malama ta yanke hukunci.

"Lafiyarta lau," ta gaya wa Sabitu ranar da ya zo tambaya. "Bakin da ya iya sau tara a cikin jama'a ba zai kasa 'ina kwana' ba. Sangarta ce."

Sabitu bai yi musu ba, don shi ma ɗalibinta ne, a hannunta ya koyi baƙi. Amma a gida an riga an ba shi wata fatawar. Tsofaffin gidansu sun ce linzami ne, wato 'yar fatar nan ta ƙarƙashin harshe ce ta ɗaure yarinyar. Ya je ya ga wanzami, aka tsayar da rana: Asabar ɗin farko ta hutu za a kai Zakiyya a yanke. Tun da yarinyar ta ji haka, ta rufe baki gaba ɗaya. Ko a karatun taro ma sai dai ta motsa leɓe.

A mako na uku na wannan zangon ne aka turo Roda. Matashiya ce daga Yelwa, aikinta taimakon yaran da magana ke yi wa wuya, an raba mata makarantu shida tana zagayawa, wannan ta samu Talata. Ta sauko daga keke da jaka fal katuna masu hotuna. Malamai suka laƙaba mata Likitar Magana, ta yi ta cewa ita ba likita ba ce, ba wanda ya saurare ta.

Malama Sa'adiyya ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yar nan, shekarunki nawa?"

"Talatin ba ɗaya, Mama."

"To, kina tatata na fara riƙe alli. Yanzu ke ce za ki koya wa yarana magana? Ai in magana ce, sai dai a rage mana."

Roda ta yi dariya, ta roƙi arziki ɗaya, a bar ta ta zauna a bayan aji. Ta zauna har aka tashi tara, tana ta jan 'yan layuka a takarda. Bayan nan ta ja Zakiyya gindin darbejiya, suka yi wasan katuna, ta sa ta zaro harshe. Yarinya ta zaro shi har ya kusa taɓa hanci.

"Ba linzami," Roda ta ce da suka keɓe. "Harshen nan ya fi nawa tsawo. Ba kuma sangarta ba ce. Haka in'ina take. In mai ita ya shiga cikin muryoyi, ko ya rera, sai ta sake shi. In ya tsaya shi kaɗai, ido a kansa, ana jira, sai ta kama."

"To wa ke jira? Ni ai ba na barin..."

"Shi ne, Mama." Ta miƙa mata takardar. "Sau arba'in da uku yau kika ƙarasa wa yara magana. Shida na Zakiyya ne. Duk lokacin da kika ƙarasa mata, abin da take ji shi ne, ba za ki iya ba, kawo in yi."

A tarihin Gwallaga ba a taɓa jin an katse Malama Sa'adiyya ba sai ranar. Ta gyara mayafi.

"Yanzu me kike so in yi?"

"In kin yi mata tambaya, ki dube ta kamar yadda kike duban kowa, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ce komai. Kada ki ce ta yi a hankali, kada ki ce ta ja numfashi. Ki jira kawai."

"Shi ke nan maganin? Har da zuwa jami'a?"

Talata ta gaba Roda ta dawo ta tarar ba abin da ya sauya. Malama ta rantse tana ƙirgawa. Da aka sa ta ƙirga a fili, sai ta zubo biyar ɗin a numfashi guda, irin ƙirgar 'yan kasuwa. Idon Roda ya sauka a kan carbin da ke naɗe a wuyan hannun Malama.

"Mama, wannan da kike ja, shi ma ana yi masa gaggawa?"

"Ke, a'a. Allah ake wa ha'inci?"

"To ki ja biyar."

Daga ranar aka fara ganin abin mamaki a aji huɗu. Malama za ta yi tambaya, sai ta damƙe carbi, leɓenta na rawa, tana istigfari ɗaya bayan ɗaya, amsar na ƙuna a bakinta kamar barkono. Ita da kanta ta ce a wata guda ta yi istigfarin da bai samu ba a azumi uku.

Don hannu ya faɗa, sai ta gwada a gida. Wata ranar Laraba Malam Fakhruddeen ya zauna a tabarma ya ce, "Yau dai miyar nan..." Ta kama carbi. Malam ya ɗago kai ya dube ta, ya dubi ƙofa ko wani ne ya shigo. Da ya ga da gaske fili aka ba shi, sai ya yi gyaran murya.

"...da ma kuɓewa ce. Ni kuka ba ta dame ni ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

"Shekara ashirin da shida, Malam. Me ya hana ka faɗa?"

"Ina ta faɗa," in ji shi.

Washegari da wuri ta iso makaranta, ta tsaya tana kallon yaranta suna shiga aji, tana tunanin miya nawa ke maƙale a bakin kowannensu.

Amma kada a ɗauka Roda ce kaɗai mai ilimi a wannan tafiya. Tsarinta shi ne duk Talata ta zo ƙofar aji ta kira Zakiyya su tafi gindin bishiya. Malama ce ta taka mata birki.

"Kin san abin da suke cewa in kun fita? 'An tafi da ita gareji.' Ke kina da littafi, ni ina da yaran. Ki shigo ciki ki yi wasanki da layi guda, kowa ya taɓa, ba wanda zai san don wa aka dafa."

Ta kuma zazzage jakar katunan a kan tebur. "Wannan mene ne? Jirgin ruwa? A Bauchi? Yarinya na kokawa da harshe, kin ƙara mata da kacici-kacici." Kashegari ta zo da buta, da ludayi, da zare, da almakashin aro. Roda ta mayar da katunanta jaka ba tare da gardama ba.

Masu dariya kuwa, Malama ba ta buƙaci shawarar kowa a kansu ba. Rana ɗaya ta tsaya a gaban aji ta ce duk wanda ya ƙara yi wa wani dariya don magana ta tsaya masa, za ta ba da labarin yadda ubansa ya yi a wannan benci. Rabin iyayen unguwar ta hannunta suka bi, kuma ba ta mantuwa. Aka yi tsit.

Babbar dabarar ma tare suka ƙulla ta. Roda ta ce tun da yarinyar na tafiya lafiya a cikin taro, a fara daga nan. Malama ta ce, "To a riƙa janye mata taron kaɗan-kaɗan, kamar yaye." Ita ta tsara matakan, don ita ta san ajinta. Aji duka ya karanta. Sai layi ɗaya. Sai benci ɗaya, su huɗu. Sai Zakiyya da Malama su biyu. Sai Malama ta riƙa rage murya har ta ɓace, yarinya ta ci gaba ba ta ankara ba. Roda ta koya wa Zakiyya yadda ake shiga kalma da laushi, kamar mai tura ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Roda na da Talata ɗaya, sauran kwana huɗun na Malama ne. Duk Talata sukan zauna a baranda, Malama ta zayyana ranar da abin ya yi sauƙi da ranar da ya ƙi, Roda ta rubuta, su gyara na mako mai zuwa, suna cin gyaɗa suna tsiya.

Wurin rage muryar ne aka sha fama. Matar da ba ta taɓa raɗa ba tun haihuwa, raɗarta ta farko sai da aji biyar suka amsa.

Ana haka zango ya tasam ma ƙarewa. Zakiyya ta dawo magana, har tana ɗaga hannu. In'inar ba ta tafi ba, amma ta daina runtse ido. Sai dai Asabar ɗin wanzami na nan inda aka ajiye ta. Roda ta je shagon Sabitu ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya tashi ya ba ta kujera, ya sayo mata ruwan sanyi, ya ce Allah ya saka da alheri, amma manya sun riga sun yi magana.

"Ruwan sanyi ya ba ki?" in ji Malama da ta ji. "To ya kore ki ke nan. Bar ni da shi. Yaron da na share wa majina."

Ta aika masa cewa Malamarsa na nemansa ranar Talata da hantsi. Ya zo, tef ɗin awo a wuya, ya rusuna ya gaishe ta. Ta nuna masa benci na ƙarshe, inda ya zauna shekara ashirin da shida da suka wuce. Ya dunƙule gwiwoyinsa ya shiga.

Aka buɗe littafi. Aji ya ɗauka, layi ya karɓa, benci ya karɓa, aka zo kan Zakiyya da Malama. Malama ta bi ta layi biyu, ta janye. Yarinya ta yi layi uku ita kaɗai. A na huɗu ta ci karo da kalmar "kasuwa", ta tsaya cak. Bakinta a buɗe, sauti ya ƙi fita.

Sabitu ya motsa. "Kun gani ko? Kasu..."

Bai ƙarasa ba ya ji an danƙa masa abu a tafin hannu. Malama ce tsaye a kansa.

"Ja biyar, Sabitu. A hankali. Ina kallonka."

Yara saba'in da huɗu ba wanda ya yi tari. Ana jin ƙarar keke a titi, ana jin mai shayi na kaɗa cokali a kofi. Sabitu ya ja ɗaya, ya ja biyu. A na huɗu Zakiyya ta saki kafaɗa, ta tura ƙofar a hankali, kalmar ta fito. Ta kai ƙarshen shafin, ta ƙara tsayawa sau biyu a hanya, ta wuce da ƙafarta. Ta zauna. Ba a yi tafi ba, don Roda ta hana tun farko. Na gaba ya miƙe ya ɗora.

Da aka tashi tara suka tsaya su huɗu a baranda.

"Malama, na ga ƙoƙari," in ji Sabitu. "Amma ai har yanzu tana yi."

"Tana yi," Roda ta ce. "Wataƙila ta ragu sosai, wataƙila ta zauna da ita har girma. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma aska ba za ta sami abin yanka ba. Zakiyya, nuna wa Baba."

Yarinya ta zaro harshe ta ɗaga shi sama. Sabitu ya leƙa kamar mai duba ɗinki. Ba abin da ya ɗaure.

"To, amma su Inna sun ce..."

Ya tsaya da kansa, yana jiran Malama ta ƙarasa masa kamar yadda aka saba. Ba ta ƙarasa ba. Hannunta na lalube a wuyan hannu, ta manta carbin na wurinsa. Da shirun ya yi masa yawa sai ya sunkuyar da kai.

"Ka tambayi su Inna, ka tambayi wanzami, ka tambaye ni na ba ka amsar banza," Malama ta ce. "Mai harshen fa? Ga ta nan. Bakin nata ne."

Sabitu ya tsuguna. "Zakiyya, me kika ce?"

Ta dubi Roda, ta dubi Malama, ta dubi ubanta. Maganar ta daɗe a hanya. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya ja, shi ya ja da kansa.

"B-Baba, ba na son aska. K-kuma kai ma ka riƙa jira na. In na ce maka Baba, sai ka ce, ungo, je ki saya. Ni ba alewa nake so ba. L-labari zan ba ka."

Sabitu ya daɗe a tsugune. Ya goge fuska da hularsa, wai zafi.

"Shi ke nan," ya ce. "An fasa. Su Inna ni zan same su." Ya miƙe, ya sosa ƙeya. "Sai dai wanzamin nan, Malama. Mutum ya keɓe mana rana, da wane ido zan..."

"Ka kai masa kanka. Wannan sumar ta isa aski tun Sallah."

Haka kuwa aka yi. Asabar ɗin farko ta hutu, mutanen Gwallaga suka ga Sabitu tela a kan keken ɗinkinsa, kai na ƙyalli kamar sabon kwano, Zakiyya zaune a kan tulin yadi tana ba shi labari, shi kuma ya ɗage ƙafa daga feda yana saurare. Carbin bai dawo ba. Malama ta aika sau biyu, ya ce yana amfani da shi. Roda ce ta sa aka sayo mata wani, Malama ta juya shi ta ce 'ya'yan sun yi ƙanana, da gani wadda ba ta ja ce ta zaɓa.

Zakiyya na aji shida yanzu, da in'inarta, kuma ita ce ba a iya rufe wa baki a gidan Sabitu. Roda na nan tana zuwa duk Talata, yara uku suke bi tare a bana, har yau suna musu a kan wa ya koya wa wani aiki. A gidan Malam Fakhruddeen ana kaɗa kuɓewa sau uku a mako, ya kuma fara bayyana ra'ayinsa a kan labule, abin da Malama ta ce da ta sani da ba ta fara ba.

Muryar kuwa ba ta ragu ba, tana nan tana tsallake katanga. Sai dai yanzu takan yanke ɗif a tsakiya, kamar an ɗauke wuta. Baƙo a teburin shayi yakan ɗaga kai ya ce, lafiya? Mai shayi ba ya ko waiwayawa.

"Sha shayinka," yakan ce. "Wani yaro ne ke magana."